Ƙwaryar da Anka Ba Ni Ajiya

Ku matso, jikoki, ku ara mini kunnuwanku. Wagga ba tatsuniya ba ce, da idona na gani.

A garinmu, kusa da Sabon Birni, akwai wani ɗaki bakin kasuwa da ake ce ma ɗakin kallo. Wani tsohon malamin makaranta ne ya roƙi hukuma anka gina shi, don a tara aikin hannun mutanen Gobir. Akwai faifan ado, da sirdin raƙumi, da zanen saƙi. Kowa na shiga shi kalla, ba a hana kowa. Ni ke sharar wurin.

Sai ruwa ya ɗauke, shekara biyu gero bai fidda kai ba. Shanu sunka riƙa faɗuwa bakin rijiya. Fulanin Tsamaye sunka ɗaure kaya za su kudu.

Ranar tafiya ƙawata Bafillata, wadda ke kawo mini nono tun ina amarya, ta shigo da babbar ƙwarya a kai. Uwarta ce ta zana ta da wuƙa, zane har gindi.

"Kaɗo," tac ce, don haka take kirana, "aje mini nan. Hanya za ta fasa ta."

"Ba ki tsoron in sha fura ciki?"

"Ina kika ga furar? Ke dai shafa mata mai, kar ta tsage. Zanen fuskarki ma ya fi nata yawa, kin san darajar zane."

Munka yi dariya, munka yi kuka. Malam ya ɗora ƙwaryar bisa teburin kayan kallo.

Ƙwarya irin wagga man shanu take so, ga shi babu saniyar tatsa ko guda. Da na ga bakinta ya fara bushewa, sai na rage ɗan man gyaɗar miyarmu, na shafe ta ciki da baya. Na ɗauka alheri na yi. Na manta ɓeraye ma yunwa suke ji. Kwana uku Malam na kwance da zazzaɓi, ɗakin na kulle. Da munka buɗe, sun cinye baki, sun ƙwaƙule zanen har rabi.

Malam yac ce a ɓoye ta. Nac ce a'a, amana ba ta ɓoyuwa.

Bayan damina uku ƙawata ta dawo, ba miji, ba saniya, sai sanda. Na kai ta gaban teburin. Ta juya ƙwaryar a hannu, ta daɗe tana shafa wurin cizon.

"To," tac ce, "ai wani ya samu abin ci cikinta. Bar ta nan, Kaɗo. Mi za ni zuba?"

Malam ya rasu shekarar da ruwa ya dawo. Ƙawata ta koma wurin ɗiyarta a Bafarawa, tana sayar da nonon shanun wasu har Allah ya karɓi abinsa. Ɗakin kuwa rufinsa ya zube gefe guda. Yanzu wasu na cewa a gyara shi, wasu na cewa a yi shaguna. Sun aiko a tambaye ni wa ke da wane kaya, don ni kaɗai na rage da na sani. Gobe za ni, in ƙafa ta yarda.