Motar da ba ta cika ba

In kun so ku ce ƙarya ce, ban hana ku ba, amma na taɓa shiga mota a Dakoro wadda mutane sunka yini suna shiga, ba ta cika ba. Buhun da ɓera ya huda ma ya hi ta riƙe kaya.

Yayana ne ƙaba ta murɗe ma. A likita sunka duba sunka ce aiki ne, sai Maradi, kuma kada a bari rana ta hwaɗi. Ambilans ta tahi Bader Goula ɗauko mai naƙuda. Ni da matarshi munka tallabo shi sai tasha.

Ɗan kamasho ya taro mu kamar ya ga surukanshi. “Maradi? Ku taho, Hajiya, saura mutum ukku!” Na leƙa, wallahi mota danƙam da mutane, kowa da ƙunshinshi bisa cinya, har da wani tsoho mai rawani shina jan tazbaha. Na ce Allah ya so mu. Munka yanki tike, munka kwantar da yaya jikin taga.

Munka shiga mu ukku, ɗan kamasho bai hwasa kiran saura ukku ba. Wata mata ta shigo da kaji, sai mai rawani ya ce bari ya kama ruwa. Ya tahi ke nan. Wani ɗan kasuwa ya shigo, na kusa da ni ya tuna ya manta sallahu. Sai da rana ta take tsaka na gane: zauna-gari-banza ne anka ɗauko haya su ɗumama kujeru, don mai zuwa ya ga kamar yanzu za a tashi. Na ɗaga ƙunshin da ɗaya ya bari, tsummokara ne.

Na iske direba ƙarƙashin icen bedi shina sakace. Na ce, “Maigida, mutum na mutuwa cikin motarka.” Ya ce, “Ƙanena, man esansi bai san marar lahiya ba. Sayi kujerun da sunka rage mu tashi.” In saya da mi? Akuyar gidan tuni ta tahi wajen magani.

Yaya tun shina nishi shina zagina, har ya koma kiran sunan Allah kaɗai, har ya yi shiru. Ana kiran la'asar matarshi ta shahwa hwuskarshi, ta cire mayahinta ta luluɓe shi. Ba ta yi kuka ba. Ni na yi, har da majina.

Ɗan kamasho bai lura ba. Ya turo kai ta taga shina washe baki. “Hajiya, ƙara haƙuri kaɗan, saura mutum guda!”

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, “To ga shi nan, ku riƙe shi ya cika maku mota. Shi ba ya sauka, kuma ba sai kun biya shi ba.”