Atishawar da Ta Raba Baba da Askarsa

Duk ranar da na ratsa gonakin bayan Lugbe na tarar masara ta fitar da kai, hancina ne ke fara gaishe ta kafin idona. Daga nan sai Baba ya faɗo mini a rai.

Wanzami ne, daga Katsina ya zo ya zauna a wani ƙauye kusa da Kwali. Manoman wurin, Musulmi da Kirista, duk shi ke yi musu aski, shi kuma ake kira askin jariri ranar suna. Don laushin hannu, sai ka yi gyangyaɗi ya gama ba ka sani ba.

Amma da damina ta tsaya, masara ta fara zubar da bununi, sai Baba ya koma wani mutum daban. Ido ja wur, hanci na zuba, atishawa ba ƙaƙƙautawa. Mu yara mu yi ta "Yarhamukallahu" har mu gaji mu koma dariya. Inna takan ce, "Ku yi ta yi, tukunya ce za ta ba ku amsa." Gaskiyarta. Wa zai miƙa wuyansa ga mai aska yana atishawa? Kasuwa ta mutu, a kama akuya a sayar a nemo magani. Kaka ta rantse sammu ne. Aka yi hayaƙi, aka sha saiwoyi, sannan ta sa ya riƙa wuni a bukkar gona don ya yi nesa da idon maƙiya. Tsakiyar masarar fa! Ka ji inda aka kai mai ciwo.

A irin wannan lokaci wani maƙwabci ya zo, an yi masa haihuwa, ya ce da 'yar Hausarsa: "Oga wanzami, kai ya aske ni, kai zai aske yarona." Rumbu ya yi ƙasa, Baba ya tafi. Yana daidai saman kunnen jaririn atishawa ta ƙwace masa. Jinin ba yawa, amma ihun uwar har bakin rafi. Baba ya goge askar, ya mayar cikin zabira, ya taso bai jira ko goro ba. Yaron ya warke. Sana'ar ce ba ta warke ba. Mararaba ya koma, yana gadin shagunan mutane.

Ni na gaji atishawar. Da na je asibiti likita ya ce bununi ne jikina ba ya so, ya rubuta mini wata ƙwaya da ba ta fi ƙwayar dawa ba, kowane kemis akwai ta. Na sha, na wuni garau, baƙin ciki ya cika ni. Yanzu ko ɗan makaranta ya san wannan, mu kuwa gida guda muka tsiyace a kansa.

Baba bai kai ga jin wannan bayani ba. Ya yi ta zargin hannunsa har ya rasu. Ko gashin bakinsa bai ƙara taɓawa ba, sai dai ya zauna a bencin mai aski da inji a bakin titi, ya runtse ido a yi masa.