Giɓin da Yaya Ta Ƙi Cikewa

Yayata dakta ce, amma kada ka kuskura ka kai mata ciwon kai, don asibiti za ta tura ka. Tun tana budurwa ta shiga ɗakin gwaji na jami'a, kuma har furfura ta fito mata aiki ɗaya take yi, wato karanta furotin. Ni ne autan gidanmu, direban tasi. Ni nake kai ta aiki in ɗauko ta, saboda haka a mota na yi nawa karatun, ko ina so ko ba na so.

Ga yadda ta cusa mini abin a ka. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wasu 'yan masaƙu da ake kira ribosom, su ke saƙa furotin ɗin da jiki ke rayuwa da shi. Su kansu masaƙun, da furotin aka gina wani sashe nasu. Kowane furotin kuma kamar sarƙar wuya yake, an jera duwatsu iri ashirin, kowanne da mazauninsa. Aikin Yaya shi ne ta ciro furotin ɗaya daga jikin masaƙar, ta sa a na'ura, na'urar ta riƙa zare duwatsun ɗaya bayan ɗaya tana faɗin sunayensu. Kafin ta sami abin da bai kai ƙwayar gishiri ba, sai ta yi makonni a ɗakin sanyi tana tace bakteriya, da rigar sanyi kan rigar sanyi. Hannayenta kullum a faffashe suke.

Ɗakinta shi ne na ƙarshe a barandar sashen, matsattse, da taga ɗaya da wani firji mai gurnani. A nan ta karance furotin ɗin masaƙar da dama, har ta iso kan wani ɗan ƙarami da babu wanda ya taɓa karantawa. Na'ura ta kama aiki tiryan-tiryan, sai da ta zo tsakiyar sarƙa ta yi shiru a kan dutse ɗaya, ta tsallake shi, ta ci gaba. Yaya ta sake gwadawa, ta kuma sakewa, shirun yana nan a wurinsa.

To, masu wannan sana'a suna da wata ɗabi'a. In na'ura ta yi shiru a wuri ɗaya, sai a duba irin furotin ɗin a wata bakteriya 'yar uwarta, a ari sunan dutsen da ke wurin a cike giɓin. Ba sa ɗaukar haka ƙarya, kuma galibi yakan yi daidai. Yaya ta kafe ta ce ba da ita ba.

Shugaban sashe ya zo har ɗakin, ina zaune a bakin ƙofa ina jiran ta tashi.

"Dakta, ki sa abin da kowa ke sawa mana," in ji shi. "Kwamiti zai zauna ƙarshen zango. In ba ki fitar da takarda a mujalla ba, ɗakin nan da na'urar wani za a ba, ke kuma ki koma gyaran jarrabawa."

"Farfesa, ban gan shi ba," in ji Yaya. "Ta ina zan sa hannu a kan abin da ban gani ba?"

A mota na ce, "Haba Yaya, dutse ɗaya fa. A kansa za ki rasa ɗaki?"

Ta ce, "Auta, in ka sauke fasinja a layin da kake zaton nasa ne, ka kai shi gida ke nan?"

Na ci gaba da tuƙi.

Ana cikin haka wani babban ɗakin gwaji na ƙasar waje ya fitar da sarƙar cikakkiya, an cike giɓin da dutsen aro. Abokan aikinta suka laƙaba mata Mai Giɓi, wasu har gaisuwar jaje suke yi mata a baranda. Aka kawo kwalaye aka jibge a ƙofarta don ta fara tattara kaya. Ranar da na ga kwalayen nan raina ya ɓaci ƙwarai, na so in yi ƙwallo da su. Ita kuwa ko gezau. Ta koma ɗakin sanyi, ta tsinka sarƙar guntu-guntu, ta ware ɗan guntun da dutsen shirun yake ciki.

Saura awo. Ma'aunin da ke iya auna abu ƙanƙani haka yana wata jami'a mai nisa, sai muka kama hanya da safe. Ta rungume filas ɗin ƙanƙarar da guntun ke ciki a cinya kamar jariri. Na'urar sanyaya motata ta daɗe da mutuwa, don haka duk garin da muka shiga sai ta ce in tsaya in nemo ƙanƙara, kuma duk ramin da na faɗa sai na sha harara.

Da aka auna, guntun ya fi yadda ya kamata nauyi da ɗan kaɗan. Ashe dutsen ba shi kaɗai yake ba. Bayan an gama saƙa, ƙwayar takan ɗora masa wani ɗan ƙari, shi ya sa na'ura ta kasa gane shi. Waɗanda suka yi aro sun rubuta dutsen tsirara, sun bar abin da ya bambanta furotin ɗin da 'yan uwansa. Yaya ta fito tana tafiya a hankali, ta shiga mota, ta ce, "Auta, na gan shi." Sai hawaye. Ni ma na juyar da kai waje, wai ina gyara madubi.

Mujalla ta karɓi takardarta kafin kwamiti ya zauna. Shugaban sashe da kansa ya sa aka kwashe kwalayen, yana ta faɗa wa mutane cewa dama shi ya san za a yi haka. Na bar shi da Allah. Daga baya Yaya ta nuna cewa in babu ɗan ƙarin nan, masaƙar takan yi nawa wajen aiki, kuma wannan ya buɗe wa masu bincike wata ƙofa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne bayan wannan. Wata safiya ta aike ni filin jirgi in karɓo mata saƙo. Akwati ne mai sanyi, daga wancan babban ɗakin gwajin da ya riga ta. Tsohon farfesan da ke shugabantarsa ya tattaro duk furotin ɗin da suka taɓa cike wa giɓi da aro, ya turo yana roƙon Yaya ta duba musu.

Na ɗora akwatin a ka, na bi barandar nan a hankali da gangan, ina gaida kowa ɗaki-ɗaki, duk wanda ya tambaya in gaya masa daga inda ya fito. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba. Da na isa, Yaya ta buɗe, ta daɗe tana kallon kwalaben, sannan ta ɗago.

"Je ka ce wa shugaban sashe ina son ganinsa," in ji ta. "Ɗakin nan ya yi mana kaɗan."