Numfashin Yayana a Cikin Balan-balan

Shekarun baya, lokacin da na fara koyar da kimiyya a wata firamare a Tudun Wada, ji nake kamar ni wata babbar injiniya ce. Alhali iyakar gwanintata wani abin wasa ne. Tsohon faifan CD ake samu, a liƙa masa murfin robar sabulun wanke-wanke a tsakiya, irin wanda ake ja ya buɗe a danna ya rufe, sai a hura balan-balan a saka a bakin murfin. Da an ja murfin iska za ta riƙa fita ta ƙasa, faifan ya ɗan ɗaga ya yi ta sulɓi a kan tayil. Yara suna ce masa jirgin iska.

A lokacin yayana ba shi da lafiya. Mai fentin mota ne a unguwar Kwangila, fentin ya cinye masa huhu, daga ɗaki zuwa tsakar gida sai ya tsaya ya huta. Wata Asabar na kwashi tarkacena na tafi gidansa don in ɗan sa yaransa dariya. Muka haɗa jirgin, suka yi ta binsa da rarrafe. Shi kuma yana jingine da bango yana tsokanata, wai ashe karatuna bai tashi a banza ba.

Sai autarsa, 'yar aji ɗaya, ta miƙa masa balan-balan ta ce shi ma ya hura. Matarsa ta hana, ni ma na hana, ya ce mu ƙyale shi. Kullum da safe shi yake yi wa yarinyar addu'a ya tofa mata kafin ta tafi makaranta, to haka ya yi: ya karanta a hankali, sannan ya hura. Yana hurawa yana tari, da ƙyar ta kai girman gwanda. Ya ce, "Ga tofinki nan, na ajiye miki." Ta saka a murfin, ta ƙi yarda kowa ya buɗe.

A cikin makon ya rasu.

Ana zaman makoki, yarinyar nan tana rungume da jirginta, ko wanka sai da rarrashi. Balan-balan ɗin kuwa kullum ƙara yamutsewa take. Ta same ni a kicin ta ce, "Gwaggo, ke kika haɗa shi. Ki hana iskar Baba fita."

Na ɗaure wuyan da zare, na naɗe da salatif, alhali na san ta jikin robar take tsiyayewa, babu dabarar da za ta tsayar da ita. Mahaifiyata ta ce in faki idonta in ƙara hura mata, yaro bai san bambanci ba. Na kasa. Na zaunar da yarinyar na gaya mata gaskiya, cewa ko an buɗe ko ba a buɗe ba, iskar tafiya za ta yi.

Ba ta yi kuka ba. Ta ja hannuna zuwa ɗakinsa, ta haɗa tafukanta kamar mai karɓar addu'a, ta ce in riƙe faifan a samansu in ja murfin. Na kwance zaren, na ja. Ɗan huci ne kawai ya fito, ya ƙare. Ta shafa a fuska, ta shafa a ƙirji, sannan ta ɗago ta tambaye ni gobe wa zai yi mata tofin.

Na ce ni. Ta gyaɗa kai, amma mu duka mun san ba ɗaya ba ne.

Yanzu ta girma, tana karatu a jami'a, nan unguwar Kongo, ban taɓa tambayarta ko tana tunawa ba, tsoro nake ji. Har yau ina koyarwa, kuma duk shekara sai ɗalibai sun roƙe ni jirgin iska. Ina yi musu komai, liƙi da ɗauri, amma idan aka zo hurawa sai in miƙa wa ɗaya daga cikinsu, in fita waje in tsaya har su gama.