Motar Taki da Tsamiyar Ƙarfi

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifinmu, shagonsa na takin zamani a Funtua ya dawo hannuna, tare da a-kori-kura mai shan gas da kuma direbanta. Direban dattijo ne dogo siriri, mara yawan magana. Shi ya riƙa kai ni makarantar firamare, don haka Baba nake ce masa, shi kuma yana ce mini Alhaji ƙarami duk da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa takawa ba. Ni kuwa a lokacin ban daɗe da gama difloma ba, ina jin duk abin da ya shige wa mutane duhu ni a wurina a fili yake.

Da bazara ta kama, manoma suka fara neman taki, sai motar ta tsiro da wani hali. Duk ranar da Baba ya yi lodi zuwa Malumfashi, sai ta mutu a hanya. Kuma ba ko'ina take mutuwa ba, sai dab da Ƙarfi, daidai wata tsohuwar tsamiya da ke bakin titi. A yi ta murza makulli, ba za ta tashi ba. Baba ya ce mini ya gano maganinta: idan ya sauka ya yi alwala, ya yi nafila, ya zauna ya karanta abin da ya sawwaƙa, da ya koma ya murza sai ta tashi kamar ba ita ba. A ganinsa mutanen ɓoye ne a tsamiyar, kuma akwai abin da ba sa so a jikin motar.

Na yi dariya har da riƙe ciki. Na karɓi makulli na zagaya gari da ita, na je Bakori na dawo, ko tari ba ta yi ba. Muka canza filta, muka wanke tanki, aka duba nozul mai fesa wa inji gas, duk a banza. Daga nan sai ilimina ya fara aiki. Na ce motar da ke lafiya a hannuna, take mutuwa a hannun wani, ai ba ita ce da matsala ba. Na yanke a raina cewa Baba ba ya shiga gidan mai, gurɓataccen gas yake saya wurin 'yan bumburutu, ya soke rarar a aljihu, sannan ya ɗora wa aljanu laifi.

Da a raina na bar zancen, da da sauƙi. Amma wata rana bayan la'asar, a majalisar da ke ƙofar shagonmu, inda 'yan kasuwa da direbobi ke zama, wani ya tsokane ni da zancen tsamiya, sai bakina ya suɓuce na faɗi abin da nake zargi. Har da kwaikwayon yadda Baba ke magana. Aka yi dariya, ni ma na ji daɗin dariyar. Ba a yi mako ba maganar ta zagaye unguwa, har matarsa ta tsince ta a gidan suna.

Baba bai zo wurina ba. Gidanmu ya je, ya durƙusa ya gaida mahaifiyata, ya ajiye mata makulli a kan tabarma, ya ce tsufa ya zo, yana so ya huta. Da na dawo ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba, wanda ya fi faɗan ciwo. Tambaya ɗaya ta yi mini: "Ka taɓa shiga motar nan tare da shi, da kaya a kanta, ka ga abin da yake gani?" Na ce a'a. Ta ce to ita ba ta karɓi makulli ba, kuma ta roƙe shi ya ƙara yin tafiya ɗaya don darajar marigayi, ni kuma in zauna a gefensa.

Washegari da kaina na shiga gidan mai na cika tanki, ina tsaye a kan mai zubawa kamar wanda ke gadin gwal. Aka yi lodi, muka kama hanya da hantsi. Baba na tuƙi. Ni kuwa ina ta kallon titi, ina jiran mu wuce Ƙarfi lafiya in samu abin faɗa. Muna hango tsamiyar motar ta yi wata 'yar shessheƙa, inji ya ɗauke. Baba ya gangara da ita inuwa a hankali, ya ɗauki butarsa ya sauka. Na zauna ni kaɗai a gaban mota, gumi na bin bayana, da gas ɗin da na saya da hannuna cike a tanki. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Da ya idar ya murza, ta tashi. Bayan mun sauke kaya a Malumfashi aka nuna mana wani mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin wutar mota, wani kakkauran mutum mai fara'a. Na fara zuba masa bayani da Turancina, sai ya ɗaga mini hannu ya ce direba yake so ya ji. Baba ya ba shi labarin tsamiya tiryan-tiryan, mutumin bai ko yi murmushi ba. Ya tambaye shi tsawon tafiyar kafin ta mutu, da ko da kaya ne ko babu, da tsawon lokacin da yake ɗauka yana karatu. Sannan ya ce, "Baba, lissafinka daidai ne, sunan mai laifin ne kawai ka kuskure. Zafi ne." Ya ce akwai wata 'yar na'ura da suke kira sensa, ita ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda inji ke juyawa. Idan ta fara lalacewa, da ta ɗau zafi sai ta yi shiru, mota ta yanke gas. Da lodi da rana tsaka, daga Funtua daidai tsamiyar nan take kaiwa maƙura. Kafin Baba ya gama nafila ta huce. Ya jona kwamfutarsa, ta nuna hakan.

Samun sabuwar sensa bai yi wuya ba. Isa inda tsohuwar take shi ne aikin. Tana can bayan inji, a saman giyabos, a wani lungu da ido ba ya gani, ƙusa ɗaya tal ke riƙe da ita. Mai rewaya ya cire kik, na'urar da ke tayar da inji, don a samu hanya, ya zura hannu, ya maƙale daidai wuyan hannu. Ya ce in dai ba a samu siririn hannu ba sai an sauke giyabos, aikin kwana biyu. Don in wanke kaina na cire 'yar shaddata na kwanta ƙarƙashin mota. Yatsuna sun taɓa wani abu, amma ban san ko mene ne ba, na fito da ƙujewa a gwiwar hannu da baƙin mai har cikin kunne.

Sai Baba ya naɗe hannun rigarsa, ya karɓi sifana lamba goma, ya kwanta. Ni na riƙe masa fitilar waya, ya ce in kashe, ba ta da amfani a wurin. Ya rufe ido, ya tura hannu har kafaɗa, mai rewaya na gaya masa ya bi waya da yatsa har inda ta ƙare. Sifanar ba ta samun wurin juyawa sai kaɗan-kaɗan, ya zare ya sake ɗorawa. Sau ɗaya ƙusar ta kuɓuce ta faɗa wani lungu, sai da aka ɗaure maganaɗisun tsohuwar sifika a waya aka lalubo ta. Tun bayan azahar muke abu ɗaya, sai gab da la'asar ya fito, bayan yatsunsa duk jini, riƙe da wani baƙin abu da bai wuce babban yatsa ba, a tsage ta gefe.

A hanyar komawa na tattaro ƙarfin hali na ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Ya saurare ni yana tuƙi. Sannan ya ce, "Ni tuni na yafe, Alhaji ƙarami. Amma ba a cikin mota ka faɗa ba. Inda ka faɗa, can za ka je ka gyara."

Kwanciya ƙarƙashin mota ta fi mini wannan sauƙi sau goma. Amma washegari bayan la'asar, da majalisa ta cika, na miƙe tsaye na ce abin da na faɗa a kan Baba ƙarya ne, zato na yi, kuma motar ta ƙaryata ni a gaban idona. Babu wanda ya yi dariya. Wani tsohon direba ne kawai ya ce to madalla, gobe ma a riƙa tauna magana. Daga nan na wuce gidan Baba na maimaita wa matarsa, ta saurare ni ta bayan labule har na gama.

Baba ya ci gaba da jan motar, kuma da muka sake lodi ta kai Malumfashi ba ta tsaya ba. Abin da har yau nake juyawa a raina shi ne, bayanin da na raina ya fi nawa kusa da gaskiya nesa ba kusa ba. Shi ya lura, ya faɗi abin da ya gani, bai taɓa mutuncin kowa ba. Ni da takardata, na ga zargin dattijo ya fi mini sauƙi a kan in zauna a mota mai zafi na ɗan lokaci. Tun daga ranar, idan wani ya kawo mini bayanin da bai shige ni ba, nakan fara cewa mu je in gani.

Yanzu idon Baba ya yi rauni, ya daina tuƙi. Na daɗe ina tunanin ko yafiyar tasa ta kai zuci, ko dai kara ce ya yi wa mahaifiyata. Bara da damina ta kusa, ina zaune a shago sai ga shi da sanda, babban ɗansa na biye da shi, magidanci mai 'ya'ya uku da ya gama koyon tuƙi a hannunsa. Ya zauna, muka gaisa, ya kamo hannun ɗan ya ɗora a kan nawa.

"Wasu sun neme shi, na hana," in ji shi. "Nan nake so ya ci abinci."

Na buɗe aljihun tebur na ɗauko makullin motar na miƙa wa ɗan nasa.