Tekun da Ke Cikin Randata

Shekara arba'in da ɗaya ina auren mutumin nan ban taɓa kiran sunansa ba, don mu a nan mace ba ta kama sunan miji, sai dai in ce Baban Tahir. Yau kam zan faɗa: Onur. Ban yi laifi ba, tunda ƙauyen ma ya daina kiransa da shi. Yanzu ko yaron da aka yaye jiya ka tambaya gidan Mai Randa, har ƙofata zai kawo ka.

Da can Kifi ake ce masa. Yana ɗan shekara tara ubansa ya ɗaura masa dutse a ƙafa ya koya masa nutso a Tozon Raƙumi, dutsen murjanin nan da ke gaban ƙauyenmu a Bahar Maliya, wanda gida arba'in ke ci daga gare shi. Sai ya nutse har mutanen kwalekwale su fara salati, sannan ya ɓullo yana murmushi, kwandonsa cike da katantanwar lu'ulu'u. Da wannan aka yaudare ni. Babana mai raƙuma, wanda ko warin kifi ba ya so, ya ce, "Madina, namijin da ke riƙe numfashi haka zai iya riƙe mace." Allah ya jiƙan Baba. Bai san numfashin kaɗai ake iya riƙewa ba, bakin kuwa a sake yake.

Kasuwar katantanwa ta mutu, samari suka koma ƙugiya da taru, wasu suka tafi dako a Bur Sudan. Masu nutso suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, ya rage saura Onur. To, ka san mutum in ya zama shi kaɗai ya iya abu. A rumfar gahawa, zurfin da ya shiga bara awon gaba takwas ne, bana ya zama goma sha biyu, ba tare da ya jiƙa ko ɗan yatsa ba. Kifin da ya taɓa kora da gwiwar hannu kuwa kowace shekara sai ya ƙara tsawo.

Yana da shekara sittin da biyu wata mata ta zo daga birni, Dakta Tahani, mai binciken teku. Siririya ce, mai tabarau, ga ladabi kamar ba 'yar boko ba. Ta zauna gaban Umda Bamkar, dagacinmu, ta fito da wani abu kamar batirin tocila. Ta ce ma'aunin zafin ruwa ne. Wai teku na ƙara ɗumi, in ɗumin ya yi yawa murjani ya yi fari ya mutu, kifi ya watse. Tana son wanda zai ɗaure abin nan a gindin Tozon Raƙumi, zurfin gaba shida, duk wata uku ya ciro shi ya ɗaura sabo, a aika mata tsohon da motar kifi.

"Gaba shida?" in ji maigidana. "'Yata, gaba shida ai alwala ce."

Ta yi masa gargaɗi ɗaya. "Baba, kada ya daɗe a waje. In ba ya cikin ruwa, zan gani a rubutunsa."

Na farko dai ya ɗaura shi da gaske, ba zan yi masa ƙazafi ba. Bayan wata uku ya koma shi kaɗai, don Kifi ba ya son rakiya. Ya dawo da azahar, rawaninsa naɗe a kunne, jini ya ɓata masa wuyan riga. Ya ciro tsohon, amma a hanyar tasowa kunnen hagu ya fashe. Sabon ma'aunin na nan a aljihunsa.

Na ce, "Baban Tahir, ka aika wa matar nan ta nemi wani."

"Wani wa? A garin nan? So kike a ce Kifi ya nutse gaba shida ya fito da jini?"

"To ai ya fito da shi."

"Ke dai ba a shawara da ke. Kwana biyu ne ya warke."

Ya tsaya yana waige-waige a tsakar gida, sai idonsa ya faɗa kan randata, wadda ke ƙarƙashin rumfa inda iska ke kaɗawa. Ya ɗaga murfin, ya saki abin, ƙulum! Ya ce ai ruwa aka ce, kuma ruwa ruwa ne.

Kwana biyun nan shekara uku suka yi.

Kunne bai warke ba. Ko wanka yake yi sai ya toshe shi da auduga. Amma duk wata uku sai ya yi shiri, ya shafa mai, ya bi ta gaban rumfar gahawa yana gyaran murya don kowa ya shaida, ya tuƙa kwalekwale ya ɓace bayan tsibiri. Can zai yi barcinsa, ya watsa ruwa a gemu, ya dawo ya naɗe hannun riga ya yi nutso a randata har gwiwar hannu. Wallahi ban taɓa ganin jarumta irin wannan ba.

Sai saƙo ya fara zuwa daga birni. Dakta na murna. Wai duk wuraren da take aunawa zafi ya haura digiri talatin da uku, amma Tozon Raƙumi bai taɓa wuce ashirin da shida ba. To ina zai wuce? Randar nan uwata ce ta zaɓo mini ita, ba a yi ta don wasa ba. Wai kuma ta gano wani abin mamaki: kullum da hantsi ruwan ɗumi na shigowa dutsen, zuwa la'asar sanyi ya taso daga ƙasa ya kore shi. Ruwan ɗumin nan, jama'a, mai jaki ne ke kawo mini shi kowace safiya. Satin da na tafi bikin 'yar ƙanwata a kan tudu, mutumin ya bar randa ta kusa ƙafewa, aka rubuta cewa guguwar zafi ta ratsa teku. Da azumi kuwa na jefa guntun ƙanƙara saboda buɗa-baki. Wannan ƙanƙarar, na ji an ce, har ƙasashen waje an yi zama a kanta.

Masunta suna gani da idonsu saman dutsen na yin fari, kifi na raguwa. In sun yi magana sai Onur ya kurɓi gahawa ya ce, "Sama ne kawai. Ku da ba ku taɓa wuce cibiya a ruwa ba, me kuka sani? Ƙasa lafiya lau, sanyi har haƙori." Ido ya gani, takarda ta ƙaryata, Kifi ya sa hannu. Wa zai ja?

Ni kuwa na yi shiru, kuma ba na alfahari da shirun. Na ce a raina ƙaryar tsoho ce, ba ta cin kowa.

Ashe tana da haƙora. Ran nan Umda Bamkar ya shigo gidanmu da takarda, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa. Hukuma ta ce tunda Tozon Raƙumi ne kaɗai dutsen da zafi bai taɓa ba, za a killace shi shekara goma, ba taru ba ƙugiya, don ya zama iri ga sauran. Ranar Alhamis Dakta za ta zo da manya a yi taro. Onur kuma za a ba shi takardar yabo da hula, a naɗa shi mai gadin wurin.

"Gida arba'in, Onur," in ji Umda. "Sauran duwatsun sun yi wa kwalekwalenmu nisa. Me za mu ci? Ba laifinka ba ne, na sani, kai gaskiya ka auna."

Maigidana ya ce, "Haka ne, ranka ya daɗe," yana kallon tabarma.

Da Umda ya fita na ce, "Barka da hula, Baban Tahir."

"Madina, kada ki fara."

"Ni na isa? Ina dai tambaya ne, in an killace, randar za a sa wa shinge ko tekun? In san ta inda zan riƙa ɗiban ruwan girki."

"Za ki tona ni?"

"Ni ba zan tona ka ba. Shekara arba'in ina rufa maka abin da ya fi wannan. Amma matar Umda da matan maƙwabcinmu Adarob a nan suke aron gishiri. Ran da 'ya'yansu suka kwana da yunwa, kai za ka fito ka ba su, da hularka."

Bai ci abincin rana ba. Kwana uku yana zaune bakin randa kamar mai jiran gawa. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba, don na san abin da yake aunawa. Mutumin nan ba shi da raƙumi, ba shi da shago, ɗansa ɗaya yana can birni. Sunan nan Kifi shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Ranar Alhamis da hantsi maza suka cika rumfar gahawa, baƙi a kan kujeru, mu mata muna leƙe ta bayan zana. Dakta ta yi jawabi, ta ɗaga takarda mai zane-zane, ta nuna inda ƙanƙarata ta faɗa. Aka kira Onur ya karɓi hula. Aka duba, babu Onur.

Sai ga shi ya ɓullo daga lungunmu, randata a kafaɗarsa, ruwa na zuba masa a riga. Namiji, da furfurarsa, ɗauke da randa a gaban maza! A garin nan gara a gan ka tsirara. Ya zo ya dire ta a gaban Dakta, ya naɗe hannu, ya lalubo abin ya ajiye mata a tafin hannu.

"'Yata, ga Tozon Raƙumin da kike aunawa. Shekara uku ke nan ban shiga ruwa ba. Kunnena ya fashe, na ji kunyar faɗa."

Sai Adarob, wanda tun suna samari Onur ke yi masa gorin tsoron ruwa, ya ce, "To Kifi, gaba nawa ne zurfinta?" Rumfar ta ɓarke. Har Umda sai da ya rufe baki da rawani. Kafin a tashi, sabon suna ya kama.

Dakta ba ta yi dariya ba. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi. Na zaci zagi za ta yi, kuma da ta yi da ban ga laifinta ba, don ita ma nata sunan ya tafi a randar nan. Sai ta ce a hankali, "Baba, da ka faɗa mini, ai igiya da dutse ma sun isa a saukar da shi. Ba sai an yi nutso ba."

Igiya da dutse! Ga su nan birjik a bayan ɗakina, akuya na taka su.

A ranar ta sa kayan nutsonta, aka kai ta dutsen, ta shiga da kanta. Da ta fito ta tattara kayanta ta koma birni. Bayan sati biyu wata takardar ta zo, an janye dokar. Maza suka yi ta murna har aka yanka akuya. Babu wanda ya tsaya ya ji ƙarshen takardar, inda aka ce an janye ne don babu sauran abin da za a killace.

Matar nan, Allah ya yi mata albarka, ba ta karɓe aikin ba. Ta ce shi ya san gindin dutsen, ya ci gaba, da igiya. Ta bar masa wani bokiti mai gilashi a gindi, wanda in ka kifa a kan ruwa kana ganin ƙasa. Ranar da ya fara fita da shi bai bi ta gaban rumfa ba, ta bayan masallaci ya zaga. Ya dawo da la'asar ya zauna a bakin ƙofa, bai ko cire takalmi ba.

"Madina, na leƙa."

"To?"

"Inda Baba ya fara sauke ni, wurin da nake ce miki kamar an shanya zannuwan biki. Ya yi fari fat, har ƙasa. Wani wajen ma gansakuka ta rufe." Ya shafa kunnen nan nasa. "Shekara uku dutsen nan yana zazzaɓi. Ni aka aika in duba shi, na zauna a gida ina jinyar sunana."

Ina da amsa. Wallahi ina da ita, mai kyau, tun ranar ƙulum ɗin nan nake wasa ta kamar wuƙa. Na dube shi, tsoho da igiya a cinya, sai na haɗiye abata. Na ɗauki moɗa na ɗebo masa ruwa.

Ya karɓa, ya kai baki, ya tsaya.

"Da sanyi," ya ce.

Ya ajiye moɗar a ƙasa bai sha ba.