Kumburin da ba a gani

Ranar da aka sallamo Baba daga babban asibiti a Zariya, ni likita ya tsayar. Ni na yi jinyarsa, ni ce kuma mai ɗan karatun firamare a gidanmu da ke garin Ƙarfi. Da idon Baba ya koma ruwan ɗorawa mun ɗauka shawara ce, ashe ciwon daji ne ya toshe hanyar da ruwan maɗaciya ke bi. Wurin likitoci suka yanke.

Likitan ya ce, "Aiki ya yi kyau. Amma tun kafin mu shiga da shi, jininsa ya nuna kumburi mai yawa. Masu irin wannan jini, ciwon ya fi yawan dawo musu. Ba hukunci ba ne, alama ce. Ki riƙa kai shi Funtua ana ɗibar jini, mu ga ko yana sauka."

Na roƙe shi ya maimaita. Duk hanya ina bitar maganar don kada in ƙara ko in rage. Yayana ya ce in muka isa in ce lafiya lau kawai. Na kasa. In na ce lafiya lau, wani abu ya biyo baya, me zan ce ranar gobe?

Mun tarar da Gwaggo, yayar Baba, tana ɓarar masara a tsakar gida. Tun farko ba ta yarda da aikin ba, don a wajenta daji ba ya son ƙarfe. Na durƙusa na faɗa mata yadda aka faɗa mini.

Ta ajiye masarar, ta je ta yaye zanen da Baba ya rufa da shi, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa.

"Ina kumburin? Mutum ya rame kamar karan dawa, ki ce kumburi?"

"A cikin jini yake, Gwaggo."

"A cikin jini! Jini kunu ne da zai kumbura? Ke da likitan naku kun zama bokaye, kuna duba gobe a kwalba. Shawara ta kama shi, ba shawararki muka nema ba, malamar asibiti."

Matan gida suka yi dariya. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa cewa na yi wa ubana mugun fata. Wata maƙwabciya ta janye ɗanta daga kusa da ni.

Da ranar ɗibar jini ta zo, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakin Baba ta zauna.

"Sun yanka shi kin yi shiru, yanzu kuma allura? Kowace huda tashin ciwon take. Sai dai ki tsallake ni."

Ban taɓa tsallake babba ba, ko takalminsa. Na tsaya a gabanta. In na bari, na ci amanar likita da ta Baba. In na matsa, ciwon ya tashi, ni ce.

Daga ciki Baba ya kira ni.

"Ke, likitan ya ce zan mutu?"

"Bai ce ba, Baba. Ya ce a riƙa dubawa."

"To, ko gona ana zagaya ta. Yaya, ɗan matsa in wuce."

Ta naɗe tabarmarta ba ta dube shi ba. Ni ta duba, ta ce, "Duk abin da ya same shi, yana wuyanki."

Muka hau mota zuwa Funtua aka ɗebi jinin. Kumburin bai sauka ba. Likita ya sa aka yi hoto, aka fara ba Baba wani magani mai sa shi amai. Gwaggo ta ce ga shi nan, allurata ta tayar da ciwon.

Baba na nan, yana fita zaure da sanda, ina kai shi asibiti duk lokacin da aka ce. Gwaggo kuwa ta daina amsa gaisuwata. Kullum da safe ina durƙusawa a ƙofarta in gaishe ta, tana jina, sai ta tambayi wani ko an ba akuya dusa.